Kwalbatin da Aka Gama

Tela ya daki teburin injiniyan hukuma.

"Shekara uku kuna sa kwalbatin layinmu a kasafi, ko bulo ɗaya ba mu gani ba. Jiya 'yata ta faɗa ramin ta karye. Ɓarayin banza!"

"Malam, sassauta murya. A takarda an gama aikin, wakilin unguwa ya sa hannu."

"Nuna mini munafukin. Yau sai ya kwana a asibiti kusa da ita."

Injiniya ya turo masa fayil.

Tela ya duba gurbin wakilin unguwa, sai ya ga sa hannun nasa ne shi kansa. Ranar wani taron rabon shinkafa aka miƙo masa takardar, aka ce ta mahalarta ce. Yana rungume da buhun shinkafa, bai tsaya karantawa ba.

"In kira maka motar asibitin?" in ji injiniya.