Koren Shugaba Remi

Staf Declercq ya ɗora 'yar tankar yaƙin a kan tebur ya janye hannu a hankali, kamar mai kwantar da jinjirin da ya yi barci da ƙyar. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Ta ci masa hunturu guda da rabin bazara.

Ba wanda ya isa ya kushe aikin. Staf likitan haƙori ne kafin ya yi ritaya, hannunsa ba ya rawa. Ya haɗa robar ba a ganin gam, ya sa tsatsa inda ruwa zai kwanta, ya kankare fenti inda takalmin soja zai riƙa takawa, ya caɓa mata taɓo har ƙarƙashi. Wato ya sha wahalar watanni don sabon abu ya zama kamar an tsamo shi daga kwata, wanda shi ne burin kowane ɗan ƙungiyar.

Saura kore.

A ƙungiyar masu haɗa ƙananan tankokin yaƙi, wadda ke zama duk Alhamis a ɗakin bayan mashayar Fons, maganar kore a bakin mutum ɗaya take: Shugaba Remi Vanhoutte. Tankar da bai yarda da korenta ba, ba ta hawa teburin ƙungiya a baje kolin Antwerp. Ta Staf ba ta taɓa hawa ba. Matarsa Magda kuwa ta riga ta yanke hukunci: in bana ma aka dawo da ita, teburin cin abincin da ya mayar wurin aikinsa zai koma teburin cin abinci, Staf kuma zai riƙa bin ta ajin koyon rawa duk Alhamis.

Remi mutum ne da ya ba kore rayuwarsa. Ko tumatirin lambunsa da yake rabawa, rabi ɗanye yake tsinkowa, 'yan ƙungiya su ce ai Shugaba ko a miya kore yake so. Nasa tankokin duk na fagen ƙanƙara ne, farare fat, don a cewarsa bai dace mai hukunci ya shiga takara ba. Ba ya tuƙi. Matarsa Godelieve ke kawo shi, ta zauna gefensa da kwarashi da zare tana saƙa har a tashi.

"Uwargida, ki ba shi hutu ko na rana ɗaya mana," in ji Fons yana ajiye mata kofi. "Ba za mu sace shi ba."

"Ku sace shi ku kai ina? Mutumin da ko safa ba ya iya zaɓar wa kansa."

Remi ya gyara tabarau ya sunkuya a kan tankar Staf. Ɗakin ya yi tsit, har Godelieve ta ajiye kwarashi a cinya.

"Likita," in ji Remi bayan dogon nazari, "aiki ya yi kyau. Amma wannan koren na kabeji ne."

Kowa ya matso. Abin mamaki, nan take kowa ya ga kabejin.

"Ranka ya daɗe, daga littafi na ɗauko shi. Har gidan tarihi na je na tsaya gaban ta gaske."

"Ta gidan tarihi rana ta cinye ta. Littafin kuma, wa ya buga shi?"

Ba wanda ya tuna wa ya buga shi, don haka magana ta ƙare.

Staf ya isa gida ya tarar Magda ta goge masa takalmin rawa ta ajiye a bakin ƙofa. Ya wanke fentin kaf, tsatsa da taɓo da komai, ya sake sabon haɗi da sirinji, ɗigo bayan ɗigo. Ya koma ƙungiya, Godelieve ta sake ajiye kwarashi, aka ce wannan karon koren kwaɗo ne.

Da ya rage zama ɗaya kafin baje koli, Staf ya yi abin da bai taɓa yi ba ko a makaranta. Ya rufe littattafai, ya ari tankar Fons wadda ta hau tebur bara, ya kwafi korenta sak. Shi dai a idonsa bai yi kama da na kowace runduna ba.

Ranar Alhamis Remi ya sunkuya. Ba abin da ake ji sai numfashin Staf da motsin kwarashi.

"Yauwa!" in ji Remi. "Yanzu ka iso, Likita. Da wannan koren aka yi yaƙi."

Aka yi tafi. Fons ya ba kowa giya kyauta, abin da tarihin ƙungiya bai san da shi ba. Magda ta mayar da takalmin cikin kwali, ba tare da nuna murna mai yawa ba.

Ranar Asabar Staf ya ɗauki cakulan ya je godiya. Godelieve ta zaunar da shi a kicin. Can sai ga Remi daga lambu da kwandon tumatir, ya dire a tebur yana alfahari.

"Duba nan, Likita. Bana sun nuna da wuri."

Ya koma ɗebo sauran. Godelieve ta jawo kwandon ta fara ware ɗanyun gefe guda, kamar wadda ta daɗe da sabawa.

"Rabu da shi, Likita. Tun da aka haife shi bai taɓa bambance ja da kore ba. In na ajiye kwarashi ya kushe, in na ci gaba da saƙa ya yaba." Ta nuna taga da haɓa. "Naka dai yanzu ya yi kyau. Ya zo daidai da labulena."