Mahauci da Rabin Sa

Kai da kake rawar ƙafa don maƙwabcin shagonka ya kusa rufewa, zauna ka ji. A wata kasuwar ƙauye an yi mahauta biyu, teburansu na kallon juna. Garin ko sa ɗaya da ƙyar yake cinyewa, don haka duk ranar kasuwa sai su haɗa jari su sayi guda, a feɗe, kowa ya ɗauki rabi. Sarkin fawa kuma ya yanke farashin kaso, ba ragi ba ƙari. To, in an ɗaure bakin farashi, ta ina gasa za ta ɓullo? Ta wajen gyara mana! Ɗaya daga cikinsu, wani mai zafin kai da ba ya ƙaunar ganin mutum a teburin ɗan'uwansa, ya fara ɗora yankan hanta a kan kowane kaso. Wancan ya ɗora tumbi. Shi kuwa ya ƙara da ƙoda, ya ƙara da kitse, har gyara ya fi abin da aka saya tudu. Kai, kasuwa ta yi daɗi! Magidantan da rabonsu da nama tun Layya, ga su nan suna komawa gida da ƙunshi niƙi-niƙi. Wancan dai ƙarfinsa ya ƙare, ya naɗe wuƙaƙensa a buhu, ya koma wata kasuwa. Gogan naka har da taka rawa: "Yau kasuwa tawa ce ni kaɗai!"

Mako ya zagayo, ba abokin haɗi. Ya ce ai duk masu sayen wancan nasa ne yanzu. Ya tattara ɗan abin da ya rage masa na jari, ya kayar da sa guda shi kaɗai, ya kuma soke gyara, tunda ba sauran wanda zai yi tsere da shi. Wayyo, ya manta shi da hannunsa ya saba wa mutane da tudu! Mutum ya zo, ya dubi kaso ba ko ɗigon hanta, ya taɓe baki, ya wuce wajen masu busasshen kifi. Ga ɗumin damina, ba ranar da za a shanya kilishi. Ƙuda suka yi sallama, nama ya fara canza fuska. Kafin la'asar, mutumin da ya hana yanka ɗaya da safe shi ne ke bin jama'a da cinya guda a kafaɗa: "Alhaji, tsaya mana, kawo ko nawa ne!" Wa zai tsaya? Hanci ya riga ya ba kowa labari. Abin da ya saura, ungulaye suka yi walima da shi a bayan kasuwa, kuma da wata kasuwar ta ci, ko akuya bai iya yankawa ba. Ai shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.