Kashin Kaji a Tafin Hagu

Bahago ne ni tun haihuwa. A Roni, shekarar da naira ta fito, wata rana da la'asar na kai hannun hagu cikin tuwo. Goggo, yayar Babana, ta cafke shi, ta lakato ɗanyen kashin kaji ta shafe min tafin.

"To, ci da shi mu gani," in ji ta.

Na ci da hannun dama, ina lallaɓa kowace loma.

Yau hannun dama ba ya jiran umarnina. 'Yata likita ta ce saman ƙwaƙwalwa ke koyo, can cikinta ke riƙewa. To, har da warin ya riƙe. Ko gobe aka ajiye tuwo, hannun hagu bayana yake ɓuya.