Sai An Rufe Fayil

Ta danna maɓalli, injin buga rubutun makafi ko tari bai yi ba.

Shekara da shekaru yana jibge a ofishin makarantar makafi, domin da tsohon yaren kwamfuta aka rubuta manhajarsa, kuma kowa na tsoron taɓawa. Ɗalibai sai dai a karanta musu tambayoyin jarrabawa. Ƙanwarta, da ke zaune a bakin ƙofa tana kasa kunne, gobe za ta zauna tata. Shi ya sa yayar ta rubuta sabuwar manhaja da yaren da ta iya, wadda za ta ari umarnin tsohon yaren ta zuba rubutu a fayil ɗin da injin ke karɓa.

"Injiniya, an gama?" in ji shugaban makarantar, yana juya shayi. "Sannu da ƙoƙari. Mu dai haka muka saba."

"Ai sabawar ce ta kashe mu, Malam."

Ta leƙa fayil ɗin gwajin, wayam. Ranta ya ɓaci, ta rufe shi, ta jawo jakarta.

Sai injin ya ɓarke da ƙara kamar ƙanƙara a kan rufin kwano. Ashe tsohon yaren tara rubutu yake a cikinsa, ba ya saki sai an rufe fayil. Ta daka tsalle har shayin Malam ya zube.

"Auta, kin ji? Kawo in karanta miki!"

Yarinyar ta riga ta ɗora yatsunta a kan takardar da injin ya fitar.

"Yaya, don Allah yi shiru," ta ce. "Karatu nake."