Babin da Ta Tsallake

"Kin tsallake," in ji mijinta.

Wata bakwai ke nan da haɗarin mota ya taɓa masa laka, daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Kullum in ta gama juya shi, sai ta karanta masa littafin wani mai irin lalurarsa. Yau ta haɗa shafuka goma sha biyu ta wuce, domin a nan ne matar marubucin ta tattara kayanta ta tafi, dangi kuma suka ce ba ta yi laifi ba.

"Ba komai a wurin, maigida. Zancen magunguna ne."

"Jikina ne ya mutu, ba kaina ba. Saboda babin nan na sa aka sayo littafin. Naki ne, ki karanta shi da kyau."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta yage shafukan a hankali, ta ninke su, ta durƙusa ta cusa ƙarƙashin gajeruwar ƙafar gadonsa. Ta girgiza gadon, bai motsa ba.

"Ashe yana da amfani," ta ce. "Ina muka tsaya?"