Takardar Janye Magana

Motoci uku suka dawo fanko kafin azahar. Otal na uku ke nan da ya hana kamfaninsu na wanki kwasar zannuwan gadonsa a mako guda. Manaja ya tsaya bakin taga yana kallon direbobin sun rakuɓe a inuwar katanga. Mutum tamanin ke cin abinci a ma'aikatar nan, ga shi injuna huɗu cikin bakwai sun yi tsit tun safe.

Duk bakin yayansa ne ya jawo. Yayan shi ne mai kamfanin, mutumin da sai ka yi masa tambaya uku kafin ka samu amsa ɗaya, amma ranar Litinin ya shiga gidan rediyo ya saki baki. Majalisa na shirin yin dokar da za ta hana duk wanda ya taɓa zaman gidan yari yin aiki a otal, ko asibiti, ko kamfanin da ke hulɗa da su. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta goyi baya ƙwanta da kwarkwatarta. Shi kaɗai ya ce zalunci ne, wanda ya gama hukuncinsa ya gama, kuma ƙofarsa a buɗe take gare su.

Masu otal suka ce to madalla, sai ya je ya wanke wa ɓarayin nasa kaya.

Manaja ya zauna ya tsara takardar janye magana, layi uku rak, ya kira 'yan jarida su zo ƙarfe huɗu. Sannan ya tafi neman yayan. Bai ɓata lokacin leƙa ofishinsa ba, don mutumin ba ya iya zama a ɗaki ƙofa rufe, ko da sanyin na'ura zai zube a banza. A ɗakin ninki ya same shi, ya naɗe hannun riga yana taya mata biyu aiki. Duk ma'aikatar babu mai ninke zanen gado da sauri irin nasa, kusurwa ta hau kusurwa cif. Matan kan tsokane shi, wai ko wannan ya karanto a shekarun da aka ce ya tafi waje karatu. Sai dai ya yi murmushi.

"Yaya, layi uku ne kawai. Ka karanta musu, a wuce wurin."

Yayan ya karɓi takardar bai duba ba, ya cusa a aljihu.

"Don Allah, Yaya. Mutanen nan in suka fara tono, ba su san inda za su tsaya ba."

"Ka ci abinci kuwa, ƙanena?" in ji yayan. "Je ka ci. Ba abin da zai taɓa ka."

Abincin bai ciwu ba. Manaja ya zauna yana juya cokali, tsoro da kunya suna cin sa. Komai nasa daga hannun mutumin nan ya fito, karatu, aure, har kujerar da yake kai, kuma bai taɓa jin gori daga bakinsa ba ko sau ɗaya. Rashin gorin ya fi komai yi masa nauyi.

Ƙarfe huɗu harabar ta cika, ma'aikata suka yi cirko-cirko a bayan kyamarori. Yayan ya tsaya gaban makirufo, hannunsa bai ko nufi aljihun ba. Ya ce yana nan a kan bakansa, ko da otal ɗin ƙarshe zai kore shi.

Wata 'yar jarida ta ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, faɗa da baki ai ba wuya. Kai za ka yarda tsohon fursuna ya riƙe makullin ofishinka?"

"Shekara goma sha biyar ke nan yana riƙe da shi," ya ce, ya zaro makullan ya ajiye a kan tebur. "Shekara shida na yi a ciki. Mutum na kaɗe da mota, ya rasu."

Wuri ya kaure da salati. Ɗaya daga cikin matan ɗakin ninki ta dafe ƙirji, 'yan jarida suka yi caa a kansa da tambayoyi. Manaja ya ratso cikin taron. Ya taka gaba, ya buɗe baki zai yi magana. Yayan ya waiwayo ya dube shi, ya girgiza kai a hankali, kamar mai hana yaro taɓa wuta.

Manaja ya haɗiye maganar, hawaye na zuba. Duk cikin taron nan su biyu kaɗai suka san cewa ranar da aka kaɗe mutumin, Yaya yana gida kwance da zazzaɓi, ƙanin ne ya ɗauki motar.