Maginin Da Ya Tafi Jenne Da Buhu

Kai da kake ganin in ba hannunka ne ya taɓa aiki ba bai yiwu ba, zauna, kada kuma ka katse ni, in ba ka labarin wani magini mai irin halinka. Gwani ne, ba ƙarya. Shi ya gina masallacin garinsu da tubali, bango sumul kamar an lashe. Amma fa ba mai taɓa masa. Duk wanda ya ɗebo laka zai taya shi yaɓe sai ya kore shi, wai kaushin hannunsa zai ɓata bango. Mutane suka zura masa ido. Shekara ta bi shekara, gwiwa ta fara gardama, tsani ya ƙara tsawo. Kafin ya gama yaɓen gabas, ruwa ya cinye yamma. Ran nan dattawan gari suka ce sun gaji da salla suna kallon tsaga: in bangon ya sake zubewa bana, za su rushe su sa bulo da siminti. Da ya ji cewa a Jenne ta ƙasar Mali akwai masallacin da duk duniya ba ginin ƙasa da ya kai shi girma, ya haura shekara ɗari yana tsaye, sai ya ce lallai wani asiri suke zubawa a kwaɓi. Ya naɗe buhu ya kama hanya, wai zai ɗebo ƙasar.

Ya isa ya tarar da gini kamar tsauni ya tsiro a bakin kasuwa, hasumiya uku, kowace da ƙwan jimina a ka. Amma abin da ya tsone masa ido azarar giginya ce da ta yi cirko-cirko a jikin bango kamar ƙayar bushiya. Ya ja tsaki: "Ragwaye! Sun gama gini sun kasa sare itace." Wani tsohon maginin garin ya ji ta bakin tafinta, ya yi murmushi, ya ce baƙo ya ƙara kwana biyu. Mutuminka ya leƙa ramukan kwaɓi, ya shinshina, har ɗanɗanawa ya yi: lakar bakin kogi ce da ɓuntun shinkafa, an bar ta ta ruɓa. Ba laya, ba asiri. Ranar yaɓen da ake yi wa masallacin duk shekara kuwa gari ya cika ya batse. Ana kiɗa, mata na jidar ruwa daga kogi, maza na tsere da kwandunan laka, unguwa na gasa da unguwa, tsofaffi na zaune suna nuni da sanda. Azarar nan da ya zaga, ashe ita ce matakala. Jama'a suka ɗare ta kamar tururuwa, wannan ya miƙa wa wancan, ana shafawa da tafin hannu. Kafin azahar an gama aikin da zai ci masa wata uku. Nan ya gane tun ranar farko masu ginin suka bar wa kowa wurin sa ƙafa.

Ya dawo da buhunsa fanko. Da hannunsa ya huda bangon nan mai santsi, yana hudawa yana jin kamar haƙorinsa ake cirewa, ya cusa azara. Sannan ya yi abin da ya fi huda bango wuya: ya bi gida-gida yana ba da haƙuri. Mahauci ya ce masa, "Au, Sarkin gwanaye, yau kaushin namu ya warke?" Amma ya zo, kowa ma ya zo. Yaɓen ya fito nan tudu, can kwari, ga shatin yatsun mahauci, ga na tela. Damina ta sauka ta yi ta zuba har ta gaji, bango ko gezau. Maganar bulo ta mutu murus, magini kuwa ya samu inuwa da sandar nuni.

To kai ma tashi ka huda naka bangon tun ruwa bai sauka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.